Ƙafewar himma: sunan da nake ganin ya dace da "burnout"

Assalamu alaikum, malamaina da sauran masu kishin harshe. Na daɗe ina neman kalmar Hausa da za ta ɗauki abin da Turawa ke kira "burnout", kuma ga inda na tsaya, ina jiran gyaranku.

Kalmar ta yaɗu ne daga 1974, lokacin da Herbert Freudenberger, masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, ya yi rubutu a kan 'yan sa-kai na wani asibitin kyauta waɗanda suka shiga aiki da zumuɗi, daga baya suka koma kamar ba su ba. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da ma'auninsa mai rassa uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, da daina damuwa da mutanen da ake yi wa hidima, da ganin cewa aikin mutum ba ya tsinana komai. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin abin da doguwar takurar aiki ke haifarwa, ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba.

"Gajiya" ta yi kaɗan, domin barcin dare ɗaya yana maganinta. "Ƙonewa" fassara ce ta baki da baki, Bahaushe kuwa idan ya ji ta wuta zai tuna ko tuwo. "Kasala" da "mutuwar zuciya" su ne na fi ƙi, saboda zargi ne a cikinsu, alhali wanda abin ya fi kamawa sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa ba da kansa ga aikin. Wani malami ya ba ni "sarewa", kuma ta yi kusa ƙwarai, sai dai mutum yana iya sarewa a rana ɗaya, wannan kuwa a hankali yake cin mutum.

Abin da na zaɓa shi ne "ƙafewar himma". Rijiya tana ƙafewa idan ana ɗibarta fiye da abin da idonta ke kawowa, babu mai cewa ta yi lalaci, kuma idan aka yashe ta aka ɗaga mata guga, ruwa yana dawowa.

Na gwada sunan da abin da bincike ya nuna game da ɗabi'un mutane, sai na ga ya zauna. An sha samun cewa mai saurin fargaba da damuwa ya fi fuskantar wannan hali, mai son cuɗanya da jama'a da mai tsari a aikinsa kuwa abin bai cika yi musu tsanani ba. Ke nan rijiyoyi sun bambanta a zurfi, amma ko mai gaba goma ce, idan unguwa guda ta taru a kanta dare da rana, za ta nuna laka.

Akwai kuma ɗabiar da John Cacioppo da Richard Petty suka samar wa ma'auni a 1982, wato jin daɗin aikin da ke wahalar da ƙwaƙwalwa. Wani bincike daga Dresden ta Jamus da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa masu wannan ɗabia alamun ƙafewar sun fi sauƙi a tare da su, kodayake tafiyar abu biyu tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne sanadin ɗayan. A nan dole mu yi hattara da fassara. Idan muka ce "son tunani" ko "yawan tunani", mun juya maganar a kanta, domin a Hausa wanda tunani ya yi wa yawa shi ne wanda damuwa ta hana barci, kuma shi ne ya fi kusa da ƙafewa. Don haka na fi son "sha'awar nazari": mai ita idan matsala ta taso a wurin aiki, warware ta yake marmari, ba tagumi ba.

Da waɗannan biyu ana iya cewa: "Ma'aikaciyar jinyar nan himmarta ta ƙafe," ko kuma "Sha'awar nazari tana iya rage ƙafewar himma." Inda nake da shakka shi ne reshe na biyu, na daina damuwa da mutane, domin "himma" ba ta ɗauke shi sosai ba. Wanda yake ganin "ƙafewar zuciya" ta fi, ina son jin hujjarsa.