Me za mu kira "antibodi" da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. "Garkuwar jiki" ta riga ta zauna daram a bakin jama'a, amma da zarar an zo kan abin da likitoci ke kira antibodi, sai in ji masu fassara a nan Gombe suna cewa "sojojin jiki", kuma hakan yana damuna.

Wannan suna fararen ƙwayoyin jini ya dace da su, domin su ne masu rai da ke sintiri a cikin jini, har wasunsu kan haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita. Antibodi kuwa sinadarin furotin ne marar rai, wanda wani rukuni na fararen ƙwayoyin, da ake kira ƙwayoyin B, ke ƙerawa, ya je ya manne wa ƙwayar cuta ko gubarta, ya hana ta aiki, ya kuma yi mata alama yadda sojojin za su gane ta.

Shawarata ita ce mu ce "makarin jiki". Bahaushe ya san kowace guba da makarinta, haka kuma antibodin da jiki ya ƙera saboda ƙyanda ba ya tare shan inna. Hujjar da ta fi gamsar da ni tana asibitin masu saran maciji na Kaltungo, inda allurar da ake yi wa wanda kububuwa ta sara ba komai ba ce face antibodi da aka tace daga jinin dawakai ko tumaki, bayan an riƙa sa musu dafin kaɗan-kaɗan. Tun a 1890 wasu masana kimiyya biyu, Behring da Kitasato, suka nuna a Jamus cewa ruwan jinin dabbar da ta samu kariya yana kashe kaifin guba a jikin wata dabbar, kuma ma'anar sunan da aka ba abin a lokacin ita ce makarin guba.

Wani malamina a Bauchi ya ce makari abu ne da ake karɓowa daga mai magani, don haka kalmar za ta rikita mutane. Malam yana da gaskiya, shi ya sa na haɗa ta da "jiki". Ku gwada ta a bakin ungozoma tana ce wa mai jego kada ta zubar da dakashi, domin yana ɗauke da makarin jikinta wanda jaririn bai iya ƙera isasshe ba tukuna, ku faɗa mini ko akwai uwar da ba za ta gane ba.