Neman shawara: zura zare a allura ya fara gagarata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Fagge, shekarata 44, kuma tun ina saurayi nake sana'ar ɗinki. Tun bara na lura cewa idan zan zura zare a allurar keke sai na ja kaina baya, wani lokaci ma sai na kira yaron shago ya zura mini, alhali ina iya karanta lambar adaidaita sahu daga nesa. Idan na yini ina aiki a kan baƙar shadda kuwa, da magariba goshina kan yi nauyi, idanuna su yi ja. Da hunturun nan na sayi wani maganin ɗigawa a kyamis, wanda yake kawar da jan nan take, kuma yau kusan wata biyu ke nan ina ɗiga shi kullum. Abokan sana'a sun ce kada in soma sa tabarau, wai kashe ido yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne mahaifina ya rasa ganinsa a hankali kafin rasuwarsa, kuma bai taɓa kukan ciwon ido ba. Yaya zan yi?

Amsar wata ma'aikaciyar jinya a ɓangaren ido:

Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar allurar ita ce mafi sauƙi a cikin abin da ka zayyana. Akwai wani ɗan madubi a cikin ido wanda yake lanƙwasawa idan za a kalli abu na kusa, to daga shekara 40 yakan fara tauri, shi ya sa na kusa yake dushewa, na nesa kuma yana nan garau. Tabaran karatu ba ya kashe ido. Shekaru ne ke ƙara taurin, ko an sa tabarau ko ba a sa ba, sai mutane su ɗora wa tabaran laifi.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganin da kake ɗigawa da kuma labarin Baba, Allah ya ji ƙansa. Ka duba jikin kwalbar, domin idan akwai sinadarin dekzametazon ko betametazon a ciki, yin amfani da shi na makonni ba tare da kulawar likita ba yana iya jawo hawan jinin ido, wato gilokoma, har da yanar ido. Gilokoma tana cin jijiyar gani ne a ɓoye, ta fara da ganin gefe, sau da yawa ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Tana bin dangi, don haka wanda aka taɓa samun irin wannan makanta a gidansu ba ya wasa da awo. Ka je asibiti cikin makon nan da kwalbar a aljihunka, ka nemi a auna matsin idon, wanda yawanci yakan tsaya tsakanin 10 da 21, a kuma duba jijiyar, don awon matsi kaɗai ba ya wadatarwa.

Amsar wani dattijon tela daga Kofar Wambai:

Ƙanena, shekara goma sha ke nan ina ɗinki da tabarau, kuma har yau ni nake zura zarena da kaina. Ka sa fitila mai haske daidai kan keken, sannan ka riƙa ɗaga kai kana kallon nesa lokaci zuwa lokaci. Idan ƙura ta shiga, ka wanke da ruwa mai tsabta, kada ka murje.

Amsar wani malamin makaranta:

Akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, akwai asibitin ido na Makkah da ke nan Kano, sannan asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala duk suna da sashen ido. Ka yi sammako saboda layi, kuma ka sanar da 'yan uwanka na jini su ma su je a auna su.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na duba kwalbar, kuma akwai sunan farko da kika ambata. Gobe da safe zan bar wa yara shagon in tafi asibiti, na kuma kira yayana, ya ce zai biyo ni.