Ɗakin ajiya a bayan gida: danshi ya tsayar mana da aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman magina. Shawara nake nema.

Ni da ƙanena muke gina ɗan ɗakin ajiya a bayan gidanmu a Ɗorayi, don buhunan hatsi da janareta. Bulo mai inci 6 muka sa, kwano daga Ƙofar Ruwa, katako daga Na'ibawa. Rufi lafiya lau, ba ya yoyo.

Ƙasa ce matsalar. Tun da ruwan Agusta ya kankama daɓen ba ya bushewa, layi biyu na bulon ƙasa kullum a jiƙe, har wani farin gishiri ya fara fitowa. Bangon baya kuma manne yake da katangar maƙwabci, kwatarsu ta nan take bi, babu halin haƙa.

Wani ya ce mu farfasa daɓen, mu shimfiɗa leda, mu sake zuba kankare. Wani ya ce a shafa kwalta a bango kawai. Ni dai kwaltar ba ta kwanta min ba, tunda daga ƙasa ruwan yake tasowa.

Za a iya shimfiɗa ledar a kan tsohon daɓen a ɗora sabo? Kaurin inci nawa zai isa? Girbi ya matso, masara kuwa ba ta jure danshi.