Musayar waƙa: Kirsimetin da a Maraɗi

Auta:
Gwaggo da Kawu, ina miƙo gaisuwa,
Hunturu ya kama, Gulbi na ƙafewa,
Cincin ɗin iyaye wata yake bai lalacewa,
Na yanzu kwana uku ya saki, daga ina take ɓullowa?

Gwaggo ta Zariya:
Auta 'yata, tankaɗe kilo guda na gari,
Kofin shayi biyu kacal na sukari,
Ƙwai biyu, bota cokali biyar, ɗan gishiri,
Madara gwangwani da ɗan ruwa, kwaɓa ba da sauri.

Kwaɓin ya yi tauri, ba a son mai laushi,
Rufe da damshin tsumma, iskar nan na busar da shi,
In ya yi ɓawo, wurin murji tsagewa zai yi, a rasa kanshi,
Sukari ya yi yawa? Waje ya ƙone, ciki ɗanye, ba ƙamshi.

Man gyaɗa ne, jefa albasa ta kwashe gafi,
Gwada ƙwara ɗaya, in ta taso take ya yi zafi,
In ta kwanta ƙasa mai za ta sha, ƙara wa wuta ƙarfi,
Kumfar da ke ambaliya kuwa, laifin garin yayyafi.

Amsarki ga ta: a baza a faifai ya sha iska,
Ya huce sarai, sannan gwangwani, a kai ɗaka,
Mai rufe shi da ɗumi gumi ta tara, shi ke jiƙa,
Sai kuma ɓoyo, don yara sun fi gumi ɓarna, ba shakka.

Kawu Tela:
Yaya, kin cika ciki, jiki fa ba ki tuna ba?
Iyayen da kan kawo atamfa tun Nuwamba,
Wanda ya bari sai ashirin ga Disamba,
Ɗansa zai je sujada riga ba maɓalli, bai ji daɗi ba.

Turmi yadi shida, yara uku, kowa biyu ya ishe shi,
A jiƙa a shanya kafin almakashi ya taɓa shi,
Auduga kan tsuke, wankin farko ya ɗage shi,
Kalmasa yatsa huɗu, Ista ta zo a kwance a ƙara shi.

Malam Maƙwabci:
Barkanku da shiri, Gwaggo, ga mai wuƙa ya iso,
Tun can da mu ake kira, safiyar jajibiri mu taso,
Mu yi bisimilla mu yanka, don kowa ya ci yadda ya so,
Layya ta zo, cinyar rago gidanku take biyo.

Zabo uku sun riƙe gida mai mutum goma,
Ruwan fiɗa mai zafi, ba tafasasshe ba, kar a yi gardama,
Tafasasshe kan saɓule fata, a bar tsiraicin nama,
A babbaka da karan gero, a cire matsarmama.

A hankali, in ta fashe ɗaci ya bi tukunya duka,
Zabo ya fi kaza tauri, awa guda a wuta, ba ƙasa da haka.

Yaya mai tulu:
Malam, sannu da wuƙa, ni dare nake tunawa,
Ashirin da huɗu ga wata, majami'a na cikowa,
Maraɗi, Tsibiri, Danja, ko'ina waƙa na tasowa,
Luka sura biyu da Hausa dattijo ke karantawa,
Daga Littafi Mai Tsarki da tun 1932 aka kammala fassarawa.

Zumuntar mata a gaba, tulu bisa gammo,
In an ajiye shi a siminti ya tsage, sai mataccen amo,
Yara makiyaya da bargo, sandar kara suka samo,
Mala'ika da farin zanen uwa, kan benci ya leƙo.

Jariri 'yar tsana ce a komin dabbobi na kwali,
Fitilar ƙwai a nesa da ciyawa, a yi hankali,
Lagwani a datse shi daidai, in ba haka ba hayaƙi ya rufe ƙyalli.

Gwaggo ta Zariya:
Kai ɗana, kuna waƙa, mu asuba muna murhu,
Shinkafa tiya biyu, a wanke tun da sauran duhu,
Tumatir a soya sai mai ya taso, a nan ba hutu,
In an yi gaggawa tsami ya fito, miya ta mutu.

Ana tashi sujada yara su ɗau langa,
Miya rabin kwano, cikawa ke ɓata sabuwar riga,
A ɗaure da ɗankwali, gidan liman a fara shiga,
Tukwici dala biyar, na ɗan aike ne, uwa ba ta ko duba.

Auta:
Gwaggo na gode, zoɓon fa, yaushe ake dafawa?

Kawu Tela:
Jajibiri da yamma, 'yata, da citta da kanumfari a zubawa,
Tukunyar ƙarfe kan mai da jansa baƙi, ki nemi ta silba a makwafta,
Sukari sai da safe, in ya kwana ciki tsami yake somawa,
Kofina babba ne, Gwaggonki ta sani, kar a ce an manta.