Wace kalma za mu ba inda kogi ke haɗuwa da teku?

1/ Kwana uku ke nan ina fassara wani rubutu kan tsuntsayen ruwa, kalma ɗaya ta tsayar da ni cak: estuary. Wurin da kogi ke isa teku, tekun kuma ya riƙa kutsowa cikin kogin. Na gwada kalmomi huɗu, ina so mu tsayar da ɗaya tare.

2/ Sai mun san wurin kafin mu raɗa masa suna. Teku na cikowa ya janye kusan sau biyu a rana, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25. In ya ciko, ruwan gishiri ya tura ruwan daɗi baya, su gauraya. In ya janye, sai ya bar shimfiɗar laka iya ganinka. A Kogin Gambiya, da rani, gishirin kan hau sama fiye da kilomita 100. Kogin Thames ma har cikin Landan yana cika yana janyewa.

3/ "Bakin kogi" shi ya fara zo mini, na kuma yar da shi nan take. Ka ce wa Bahaushe bakin kogi, gaɓa zai gani, inda ake tsayawa a jira kwalekwale.

4/ "Mashigin teku" ya riga ya sami mai shi, kullum muna jin sa a labaran Hormuz. "Delta" kuwa wani abu ne daban: can kogi ne ke jibge ƙasarsa ya rarrabu rassa-rassa yana cin teku, nan kuma teku ne ke shigowa gidan kogi.

5/ Kalmar da ta buɗe mini hanya tsohuwa ce: zartsi. Ruwan zartsi shi ne wanda bai kai gishirin teku ba, bai kuma yi daɗin sha ba. A rijiya muka san shi, amma ainihin siffar ruwan wannan wuri ke nan. Sai na haɗa ta da magama, inda hanyoyi biyu ke gamuwa. Magamar zartsi.

6/ Filin da ke kewaye da ita, mai laka da ciyawar gishiri da bishiyoyin da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa, shi ne dausayin zartsi. Dausayi ta riga ta zauna a bakin 'yan jarida, da ita ake kiran ranar 2 ga Fabrairu, ranar da aka sa hannu kan yarjejeniyar kare irin waɗannan wurare a garin Ramsar na Iran a 1971. Na fifita ta a kan fadama, domin fadama noma take kawo wa mutum a rai, wannan ƙasa kuwa gishiri kan hana ta noma.

7/ Ga abin da ya sa na dage haka. In aka kira wurin nan caɓi ko taɓo, an gama yanke masa hukunci, sai a zo da yashi a cike shi. Alhali lakar nan cike take da tsutsa da ƙananan katantanwa da ƙaguwa, kuma a kanta dubban tsuntsaye ke kiwo da zarar ruwa ya janye. Kowane da tsawon bakinsa: mai gajeren baki na tsintar na sama, mai dogo na zurawa can ƙasa, zalɓe na tsaye a rairayin ruwa yana dakon kifi. Shi ya sa suke cin fili ɗaya ba faɗa. In teku ya dawo ya rufe lakar, sai su taru a wani ɗan tudu su jira. A wannan lokacin, kare ɗaya ko jirgin ruwa mai inji ya isa ya tashe su, kuma kowane tashi kitsen da suka tara don tafiyar ƙaura yake ƙonawa.

8/ Tafiyar kuwa ba ƙarama ba ce. A 2022 an bi sawun wani tsuntsu mai dogon baki, ɗan wata biyar, ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai tsibirin Tasmaniya na Ostireliya: kilomita 13,560 cikin kwana 11. Ba ya iya sauka a kan ruwa ya huta. 'Yan uwansa in za su koma arewa, a lakar Tekun Rawaya, tsakanin Sin da Koriya, suke yada zango su sake tara kitse. A can ne Koriya ta Kudu ta rufe filin laka na Saemangeum a 2006 da katangar teku mai tsawon kilomita 33, ta toshe magamar koguna biyu, Mangyeong da Dongjin. Teku ya daina shiga yana fita kamar da, lakar ta mutu, tsuntsayen da ke sauka can suka ragu ƙwarai. Duk lokacin da na tuna wannan raina na ɓaci.

9/ Saura sunan da za mu ba irin wannan wuri in doka ta keɓe shi. Gandu yana da kyau, sai dai gandun daji zai ja hankali zuwa itatuwa da namun dawa. Ni hurumi nake so, ƙasar da aka yi wa iyaka aka ce ba a taɓawa.

10/ To ga gwaji a jimla: "An ayyana dausayin zartsin da ke magamar kogin a matsayin hurumin tsuntsaye." Na karanta ta da ƙarfi, harshena bai sarƙe ba. Inda nake jin nauyi shi ne jam'i, don haka na bar shi "wuraren magamar zartsi". Wanda zartsi ke nufin wani abu daban a karin harshensu, don Allah ya sanar da ni kafin Juma'a, ranar zan miƙa fassarar.