Shawarwarin 'yan'uwa kan jiran Ubangiji

A tattaunawarmu kan jiran amsar addu'a, yawancin 'yan'uwa sun ce kada a ɗauki jinkiri a matsayin ƙi. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. A tsakani gaggawa ta sa Saratu ta ba shi Hajaratu, kishi ya shiga gidan. Wannan gargaɗin ya fi taɓa ni.

Wasu suka ce kada a naɗe hannu, a yi ta aiki da aminci kamar Yusufu a kurkuku. Wata 'yar'uwa kuma ta ce ranar da addu'a ta gagara, a buɗe Zabura 13 a karanta da murya, sannan a kira wani amintacce ya taya ka addu'a.