Alamar tauraro a UML tana ɓata min lissafi, ya kuke yi da ita?

Manhajar_Dare

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina rubuta wata ƴar manhaja da Java wadda take duba zanen UML (salon zana tsarin manhaja), aikinta ta tabbatar idan ƙaramin aji ya sake fasalta wata siffa da ya gada, adadin da ya yarda da shi bai fita daga na uban ba. Misali uba ya ce 0..* (wato daga sifili zuwa babu iyaka, tauraron ne ke nuna hakan), ɗa ya ce 0..5, wannan daidai ne tunda biyar tana cikin abin da ba shi da iyaka. To laburaren Eclipse da nake amfani da shi idan na nemi iyakar sama ta tauraron nan sai ya miƙo min -1. Da na gwada ko 5 ba ta wuce -1 ba sai manhajar ta ce zanen da matsala alhali lafiyarsa ƙalau, abin da ya fi tayar min da hankali kuma shi ne idan aka juya, uba 0..5 ɗa 0..*, shiru take yi ta bar shi ya wuce, don -1 ai ba ta kai 5 ba. Yanzu dai tunani biyu nake: ko in maye -1 da Integer.MAX_VALUE (mafi girman cikakkiyar lambar da nau'in int ke ɗauka), ko in mayar da komai double (nau'in lamba mai ɗigo) in yi amfani da POSITIVE_INFINITY, wato rashin iyakarsa. Wanne ya fi? Don Allah a taimaka.

Malam_Lissafi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka rabu da MAX_VALUE ɗin nan tun yanzu. Wajen kwatantawa zai yi maka aiki, yau za ka ga komai ya tafi daidai, amma ranar da ka fara tarawa ko ninkawa a nan za ka gane. Lambar ita ce 2,147,483,647, ka ƙara mata ɗaya kawai a Java ta kife ta koma -2,147,483,648, kuma ba wani kuka da za ta yi maka. Kuma dole wata rana ka ninka, domin duk wanda yake bin hanya daga aji zuwa aji zuwa wani ajin, 0..* sannan 1..3, sai ya ninka iyakokin sama kafin ya san nawa za a iya samu a ƙarshe.

Ita -1 ɗin ba laifin kowa ba ce, yarjejeniya ce ta ajiya kawai. A Ecore, tsarin da laburaren Eclipse ɗin ke amfani da shi, -1 na nufin babu iyaka, akwai ma -2 da ke nufin ba a fayyace ba, to ka ga idan ka ce duk abin da ya gaza sifili tauraro ne nan ma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. A ƙa'idar OMG, ƙungiyar da ke kula da UML, nau'in sunansa UnlimitedNatural, lambobi daga 0 zuwa sama sai ƙari ɗaya wato tauraro. Ka yi naka ajin mai wannan siffar, ka fassara -1 tun a bakin ƙofa lokacin da kake karanta fayil, kada ka bari ta shiga cikin gida ko sau ɗaya.

Hajiya_Kod

Na goyi bayan Malam, amma bari in yi magana kan double ɗin don shi ya fi yaudara, ni ina ganin ya fi MAX_VALUE haɗari ma saboda yana kama da amsar da ta dace. Ƙa'idar IEEE 754, wadda double ke bi, tun 1985 ta tanadi rashin iyaka na sama da sifili da na ƙasa da sifili, kwatantawa lafiya lau, ka ƙara masa biyar yana nan yadda yake, duk wannan abin da kake so ne. Matsalar tana wajen sifili. A UML halal ne ka rubuta 0..0, ana yi idan ana so a ce wannan ƙaramin ajin ba ya ɗaukar siffar kwata-kwata. To bi hanya 0..0 sannan 0..*, amsar da hankali ya yarda da ita sifili ce, babu komai a matakin farko to me za a bi zuwa na biyu? Amma double zai ba ka NaN, wato "ba lamba ba", domin a wurinsa sifili sau rashin iyaka ba lamba ba ce. Kuma NaN duk tambayar da ka yi masa, ya fi ne, ya gaza ne, daidai ne, a'a zai ce, ko da kansa ka gwada shi zai ce ba daidai ba ne. Kenan binciken naka zai riƙa faɗuwa ko wucewa gwargwadon yadda ka juya sharaɗin, kuma ba ka san daga ina ba.

Sai kuma wajen fitarwa. JSON, tsarin rubuta bayanai a fayil, bai san rashin iyaka ba sam, JavaScript idan ka ba shi sai ya rubuta null, Python kuma ya rubuta Infinity wanda wasu masu karantawa za su ƙi fayil ɗin gaba ɗaya.

Manhajar_Dare

Kai Hajiya, Allah ya saka da alheri, 0..0 ɗin nan akwai shi a zanukan da nake gwaji da su kuwa. To idan na yi ajin nawa, kwatantawa da tarawa da ninkawa na gane. Ragewa fa? Akwai inda nake so in san gurbi nawa ya rage, wato iyakar sama a cire abin da aka riga aka cika.

Malam_Lissafi

Wannan da sauƙi in ka tuna me tauraron yake faɗa. Ba cewa yake akwai abubuwa marasa adadi a cikin jerin ba, ko yaushe ka ƙirga za ka samu adadi, bakwai ko dubu, cewa yake ba a yanka maka iyaka ba. Don haka tauraro a cire bakwai, gurbin da ya rage shi ma ba iyaka, ka dawo da tauraro. Amma tauraro a cire tauraro, ko biyar a cire tauraro, wannan ba shi da ma'ana, ka sa ya jefa kuskure a take a wurin kada ka ƙirƙira masa amsa. OCL, yaren rubuta sharuɗɗa a UML, ma ya fi haka tsanani, lissafi da tauraro invalid yake bayarwa, kamar yadda raba lamba da sifili yake ba da invalid, don Real ɗinsa na masu lissafi ne ba na injin ba. Kai da kake rubuta naka kana iya sassautawa a tarawa da ninkawa, sai dai ka rubuta dokar a saman ajin ƙarara don wanda zai gaje ka, musamman ta sifili sau tauraro.

Hajiya_Kod

Kuma kada ka ba ajin wata hanya da ke mayar da shi int kai tsaye, wallahi wani zai kira ta ya dawo maka da -1 ta taga. Idan dole ne, a fara tambaya ko yana da iyaka, in babu ta ƙi. Wajen rubutawa cikin fayil kaɗai za ka mayar: -1 idan Ecore ne, tauraro idan rubutun UML ne, unbounded idan maxOccurs na XML Schema ne. Gwajin farko da za ka rubuta ya zama wancan na uba 0..5 ɗa 0..* da yake wucewa shiru.